Ba Kowane Dakta Ne Likita Ba

Wata shekara cikin bazara na fita rangadin makarantu tare da wani baƙo daga jami'a, wanda ya zo ƙasarmu neman tarihin tsofaffin garuruwa. Kwana uku kafin mu tashi na sa akawun ofishina ya rubuta wa dagacin wani ƙauye takarda, ya sanar da shi zuwanmu. Akawu ya duba sunan baƙon, ya ga haruffan nan biyu, Dr., a gabansa, sai ya rubuta cewa ranar Talata ina tafe da wani babban likita. Bai yi da nufin ƙarya ba, abin da aka koya masa a makaranta ke nan.

Da muka isa da hantsi sai muka iske ƙofar gidan dagaci ta cika maƙil. Ga masu ciwon ido, ga tsofaffi masu sanyin ƙashi, ga mata da goyo. Cikinsu akwai wata mace da ta taso daga wata ruga tun da asuba, ɗauke da yaro jikinsa zafi rau, wuyansa ya ƙage. Akwai ƙaramin asibiti a kan hanyarta, amma ta wuce shi, domin an ce mata babban likita na zuwa. Baƙona ya dube ni, na dube shi. Ya ce shi tun da ya ke bai taɓa riƙe allura ba, karatunsa duk na tarihi ne. Nan take muka bar zancen makaranta, muka sa uwa da ɗa cikin mota sai babban asibiti. Aka duba aka ce sanƙarau ne. Allah ya sa da sauran shan ruwa, amma likitan da ya karɓe shi ya ce da an ƙara yini ɗaya da labari ya sha bamban.

Tun daga ranar na ƙudura zan rubuta wani abu game da kalmar nan ta Turanci, doctor, domin 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna. Mu ne ke koya wa yara ita, mu ne kuma ke fassara ta cikin takardu, sa'an nan jama'a su yi aiki da abin da muka rubuta.

ASALIN KALMAR

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a asalinta kalmar ba ta da wata dangantaka da magani. Daga harshen Latin ta fito, watau harshen Rumawan dā. A harshen nan docere shi ne koyarwa, doctor kuwa mai koyarwa. Daga wannan tushe ne kuma Turanci ya samo doctrine, watau koyarwar addini ko aƙida, da document, takardar nan da akawu ke juyawa kullum a kan teburinsa, gama a asali abin da ke koyarwa ko ke nuna hujja a ke nufi da ita.

Waɗanda aka fara girmamawa da wannan suna manyan malaman addinin Kirista ne. A shekarar 1298 Paparoma ya tabbatar wa mutum huɗu daga cikin magabatansu laƙabin daktocin coci, ɗayansu shi ne Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, wanda ya zauna a garin da a ke kira Annaba yanzu cikin ƙasar Aljeriya. Babu ko ɗaya cikin huɗun da aka san shi da aikin asibiti.

Cikin ƙarni na 12 da na 13 aka kafa jami'o'in farko na Turai, kamar ta Bolonya a Italiya da ta Faris a Faransa. Idan ɗalibi ya sauke karatunsa, malamai suka jarraba shi suka yarda da shi, sai a ba shi iznin koyarwa, a kira shi doctor. Wanda ya san yadda malamanmu na zaure ke ba almajiri ijaza ba zai sha wuyar gane wannan ba. Manyan fannoni uku a ke ba da wannan izni a kansu, ilmin addini, da shari'a, da magani. Ashe ke nan tun farko mai magani kashi ɗaya ne cikin uku.

In an so a gane abin sosai, a dubi kalmarmu ta malam. Daga Larabci ta fito, daga mu'allim, mai koyarwa. Amma dubi inda ta kai. Muna da malamin makaranta, da malamin gona, da malamin daji, da malamin asibiti, da malamin tsibbu, har ma wanda ka gamu da shi a tasha ba ka san sunansa ba kana ce masa malam. Ba wani Bahaushe da zai kai ɗansa marar lafiya wurin malamin daji don kawai ya ji an ce masa malam. To, yadda malam ta bazu a bakinmu haka doctor ta bazu a bakin Turawa.

YADDA TA SHIGA ASIBITI

Mutanen Ingila na dā suna da nasu sunan na mai magani, suna ce masa leech. Da wannan suna dai su ke kiran matsattsaku, tsutsar nan ta ruwa mai shan jini, wadda masu maganinsu ke liƙa wa majinyaci ta zuƙe masa jini, kamar yadda wanzami ke yin ƙaho. Daga baya suka aro physician daga Faransanci, watau masanin cututtuka wanda ke duba majinyaci ya rubuta masa magani. Wajen ƙarshen ƙarni na 14 aka fara jin doctor ga wanda ya sauke karatun magani a jami'a.

Dalilin da ya sa masu magani suka kusa mallake kalmar ba mai wuyar ganewa ba ne. Talaka ya kan yi rayuwarsa duka bai taɓa ganin daktan shari'a ko na ilmin addini ba, gama waɗannan suna can cikin jami'a da fadar sarki. Amma daktan magani shi ke shiga gida gida, shi a ke tasowa da tsakar dare. Sannu a hankali sai talakawa suka riƙa kiran duk mai ba da magani doctor, ko ya je jami'a ko bai je ba. Rikicin ya yi yawa har a shekarar 1858 Majalisar Ingila ta yi doka, ta kafa hukuma mai riƙe da littafin sunayen likitocin da aka yarda da su, don jama'a su iya rarrabe na gaske da na jabu.

Ga kuma wani abu da yawancinmu ba mu lura da shi ba. A Ingila, da ƙasashen da suka bi tsarinta kamar Nijeriya, digirin da likita ke fitowa da shi digirin farko ne, wanda a ke rubutawa M.B., B.S. Harafin B ɗin nan daidai ya ke da na B.A. da malamin sakandare ke riƙe da shi, ko da ya ke karatun likita ya fi tsawo da wuya. Bisa tsarin jami'a tsantsa likita sabon fitowa bai kai matsayin doctor ba, al'ada ce ta ba shi sunan don girmama aikinsa. A Amurka kuwa digirin likita M.D. ne, harafin D ɗin na doctor ne. A Ingila ma akwai M.D., amma can babban digiri ne na bincike da likita ke nema bayan ya daɗe da fara aiki. Haruffa iri ɗaya, ma'ana dabam.

WANZAMAN INGILA

Wanda ya taɓa kwanciya a asibitin Ingila zai ba da labarin wani abin ban mamaki. Ƙaramin likita ana ce masa Doctor, amma babban likitan fiɗa, wanda kowa ke rawar jiki in ya shigo, Mister a ke ce masa, in mace ce Miss ko Mrs ko Ms. Baƙo sai ya zaci raini ne, alhali kuwa girma ne.

Ga yadda abin ya samo asali. A zamanin dā likitan jami'a ba ya taɓa wuƙa, yana ganin aikin hannu ƙasƙanci ne. Masu yin fiɗa da tsaga da cire haƙori wanzamai ne, su ke aski su ke kuma zubar da jini, kamar dai yadda wanzamanmu ke haɗa aski da ƙaho da kaciya da cire beli. Ita kanta kalmar surgeon, likitan fiɗa, daga harshen Girka ta samo asali, ma'anarta aikin hannu. A shekarar 1540, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka haɗa masu aski da masu fiɗa na Landan cikin ƙungiya ɗaya. A 1745 masu fiɗa suka ware, a 1800 kuma aka ba su takardar sarki ta kafa kwalejinsu. Da ya ke ba su da digirin jami'a a wancan lokaci, ba a kiran su Doctor. Da aikinsu ya ɗaukaka sai suka ƙi sakin tsohon sunan, suka mai da shi abin alfahari. Har yau yaro a Ingila ya kan sha wahalar shekaru ya zama Doctor, sa'an nan ya ƙara shan wata wahalar, ya ci jarrabawar fiɗa, ya koma Mister.

Darasin da ke ciki a fili ya ke. Akwai likita na ƙwarai wanda ba a ce masa Doctor, kamar yadda a ke da Doctor na ƙwarai wanda bai san komai game da magani ba.

DAKTOCI IRI UKU

Idan ka ga Dr. gaban sunan mutum yau, ɗayan uku ne.

Na farko shi ne mai aikin lafiya. Nan a ke sa likitan mutane, da likitan haƙori, da likitan dabbobi. Misalinsa Dakta R. A. B. Dikko, mutumin Wusasa ta Zariya, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Haka Dakta Michael Okpara, Firimiyan Jihar Gabas daga 1959 zuwa 1966, likita ne kafin ya shiga siyasa. Haka Dakta Banda, shugaban Malawi na farko, ya yi aikin likita a Landan da Kumasi kafin ya koma gida.

Na biyu shi ne wanda ya kai ƙarshen karatun jami'a a wani fanni, ya yi bincike na shekaru, ya rubuta littafi a kansa, malamai suka titsiye shi da tambayoyi ya kare abin da ya rubuta. Shi ne mai Ph.D. Wannan tsari a Jamus ya bunƙasa bayan kafa Jami'ar Balin a 1810. Jami'ar Yale ta fara ba da shi a Amurka a 1861, Oxford kuwa sai 1917 ta karɓe shi. Dakta Martin Luther King, jagoran baƙar fatar Amurka, irin wannan ne, Jami'ar Boston ta ba shi digirinsa kan ilmin addini a 1955. Baƙon da muka je rangadi da shi ma cikinsu ya ke. In an bi asalin kalmar, waɗannan su ne suka fi kowa gadonta, gama su ne masu koyarwa.

Na uku shi ne na girmamawa. Jami'a ce ke duba aikin da mutum ya yi wa jama'a, ta yafa masa alkyabba ta ba shi digiri ba tare da ya zauna aji ba. Dakta Kwame Nkrumah na Gana irin wannan ya samu daga Jami'ar Lincoln ta Amurka a 1951. Haka Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama Alhaji Mamman Shata a 1988, kuma duk wanda ya san abin da Shata ya yi wa harshen Hausa ba zai ce an yi son kai ba. Wannan ya yi kama da sarautar da sarki ke naɗa wa mutum don yabawa. Abin da ya ɓata shi shi ne yadda waɗansu suka mai da shi haja, mai kuɗi ya ba da gudummawa a yafa masa alkyabba, gobe ka ga ya sa an rubuta Dr. a katinsa da ƙofar gidansa.

Dukan ukun suna da daraja, kowa a fagensa. Amma na farko kaɗai a ke kai wa marar lafiya. Kama da wane ba ta wane.

SA'AD DA KALMAR TA ZAMA AIKI

Nan ne akawu zai buɗe kunnensa da kyau. Turawa na da al'adar ɗaukar suna su mai da shi aikatau, kuma sun yi wa doctor haka. Da farko ma'anar mai kyau ce, watau yi wa mutum magani, ko gyara abin da ya lalace. Amma tun cikin ƙarni na 18 ta sami wata ma'ana ta biyu, wadda yau ta rinjayi ta farko, watau a taɓa abu a ɓoye, a sake masa kama don a cuci wani.

Idan aka ce an yi doctoring na littafin kuɗi, an yi masa coge ke nan, an kankare wani adadi an rubuta wani. Idan sakamakon jarrabawa ne ko na zaɓe, an yi maguɗi ko aringizo. Idan hoto ne, an cire wani an ɗora wani. Idan madara ce ko mai, an yi algus. Idan abin sha ne, an zuba wani abu a ciki ba da sanin mai sha ba. A Ingila kuma in aka faɗi haka game da kyanwa ko kare, an yi musu fiɗiya ke nan don kada su hayayyafa.

Na san wani ofishi, ba zan faɗi sunansa ba, inda mai binciken kuɗi ya zo ya yi kwana biyu, ya tafi ya aiko da rahoto. Cikin rahoton ya rubuta cewa littafin kuɗin shiga "has been doctored". Yawancin 'yan kwamitin ba sa jin Turanci, sai aka ba wani yaro mai ƙwazo ya juya musu shi zuwa Hausa. Yaro ya yi tunani, likita ai gyara ya ke yi, sai ya rubuta, "An yi wa littafin kuɗin shiga gyara sosai." Aka karanta a zaman kwamiti, dattawa suka gyaɗa kai, har wani ya ce a rubuta wa mai riƙon littafin takardar yabo. Sai da aka yi wata uku, takarda ta biyu ta zo tana tambayar matakin da aka ɗauka, kana aka gane an yaba wa wanda ya kamata a tuhuma. Kafin nan kuɗin da ya salwanta ya ƙaru. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da yaron bai san kalmar ba sam, da ya tambaya. Saninta rabi da rabi shi ya kai shi ya baro.

ISKA DA KUKU DA SAURANSU

Kalmar ba ta tsaya kan mutanen karatu ba. Ma'aikatan jiragen ruwa na Ingila sun daɗe suna kiran kukun jirgi doctor, mai yiwuwa don cikinsu a hannunsa ya ke. Har iska ma ta sami wannan laƙabi. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga kudu maso gabas, suna ce mata Cape Doctor, wai tana share ƙazantar iskar gari. A yammacin Ostareliya akwai Fremantle Doctor, iskar teku mai sanyi da ke tasowa da rana tsaka lokacin zafi.

Wadda ta shafe mu ita ce hunturu. Turawan da suka zauna bakin tekun Afirka ta Yamma, inda zafi da gumi da zazzaɓi suka addabe su, in busasshiyar iskar nan ta arewa ta iso gare su sai su ji jikinsu ya warware, don haka suka sa mata suna the Doctor. A shekarar 1781 wani likitan Ingila mai suna Matthew Dobson ya rubuta bayani a kanta, ya ambaci yadda masu zazzaɓi ke samun sauƙi in ta buso. Mu da ke zaune inda iskar ke fitowa mun san ɗaya fuskar tata. Ita ke kawo mura da tari da kaushi da faso, kuma cikin watannin rani da ƙura ne sanƙarau ke yaɗuwa. Annobarsa ta 1996 ta kashe mutum fiye da 10,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Likitan wani ajalin wani. Wannan ya nuna mana cewa ma'anar kalma tana bin wurin da mai faɗinta ke tsaye.

Akwai kuma witch doctor. A Ingila aka fara amfani da ita, farkon ƙarni na 18, ga mutanen ƙauyukansu masu da'awar warkar da wanda mayu suka kama. Da Turawa suka zo Afirka sai suka ɗora ta a kan duk mai maganin gargajiya, suka haɗa boka da maɗori da ungozoma da mai saiwa cikin kwando ɗaya. Kalma ce ta raini, bai kamata malami ya koya wa yara ita a matsayin fassarar mai magani ba. Mu muna da sunan kowa dabam, mun kuma san bambancin mai ɗorin karaya da mai tsafi.

Ta baya bayan nan ita ce spin doctor, wadda ta bazu daga jaridun Amurka cikin shekarun 1980. Shi ne mutumin da ɗan siyasa ke ɗauka don ya juya magana, in maigidansa ya yi ɓaranɓarama ya fito ya nuna wa jama'a cewa hikima ce. Kusan abin da mu ke kira sojan baka ke nan. 

ARZIKIN DA HAUSA KE DA SHI

Masana harshe sun ce kalmarmu ta likita daga doctor ta fito. Kakanninmu sun ji ta a bakin Turawan farko, harshensu ya sarrafa ta, ya sa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, kamar yadda Yarbawa suka mai da ita dokita. Da ya ke masu magani ne kaɗai daktocin da suka gani a lokacin, sai likita ta tsaya kan wannan ma'ana ɗaya tak, ba ta gusa ba. Bayan shekaru, da 'ya'yanmu suka fara dawowa daga jami'o'i, muka sāke aron kalmar karo na biyu, muka ce dakta.

Ashe a nan Hausa ta fi Turanci wadata. Inda Bature ke da kalma ɗaya mai ruɗarwa, mu muna da biyu. Likita sana'a ce, dakta laƙabi ne. Kana iya cewa Dakta wane likita ne, Dakta wane kuwa malamin tarihi ne, kowa ya gane. Abin da ya rage shi ne mu kiyaye wannan iyaka, kada mu rushe ta da hannunmu.

Saboda haka ga shawarata ga mai fassara. In ka ga Dr., kada ka yi gaggawar rubuta likita. Duba haruffan da ke bayan sunan, duba kuma ofishin da takardar ta fito. In ka ga M.B., B.S., ko ka tabbata aikin asibiti ya ke yi, rubuta likita. In Ph.D. ne, ko ba ka tabbata ba, rubuta Dakta, ka ƙara da aikin da ya kawo shi. In kuwa ka ga kalmar da wutsiyar -ed ko -ing tana bin littafi ko takarda ko sakamako, to, ka san ba lafiya, ka nemi ƙamus, ka tambayi na gaba da kai. Matambayi ba ya ɓata.

Ga malamin aji kuwa, mu rage koyar da kalmomi cikin jeri, wannan Turanci wannan Hausa, kamar ana ƙirga awaki. Haka aka koya wa akawuna, shi ya sa ya yi abin da ya yi. A ba yaro kalma cikin jimla uku ko huɗu masu ma'ana dabam dabam, a bar shi ya gano bambancin da kansa. Yaron da aka koya wa haka, in ya gamu da kalmar da ya sani a wurin da ba ta zauna daidai ba, zai tsaya ya yi shakka, shakkar nan kuwa ita ce rabin fassara.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi, gama ya shafi rai. A garuruwanmu da ƙauyukanmu an saba kiran duk wanda ya sa farar riga dakta, har da mai kantin magani da yaron da ya taɓa sharar asibiti. Waɗansu ba su nemi sunan ba, jama'a ce ta liƙa musu. Waɗansu kuwa da shi su ke ci, suna allura suna ƙarin ruwa, har da masu ƙarfin halin yin fiɗa a ɗakin haya. A Nijeriya mutum ba ya zama likita sai ya yi shekara shida a jami'a, ya ƙara shekara ɗaya yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci, sa'an nan Hukumar Likitoci ta Ƙasa, wadda asalinta ke komawa ga dokar 1963, ta sa sunansa cikin littafinta, ta ba shi lasin da a ke sabuntawa kowace shekara. Mai kantin magani an ba shi iznin sayar da waɗansu magunguna ne kawai, ba a ba shi iznin duba majinyaci ko yin allura ba. Mu da muka yi karatu, mu ne jama'a ke tambaya ina za a kai marar lafiya. Wajibi ne mu gaya musu cewa suna ba lasin ba ne, kuma ba rashin ladabi ba ne a tambayi mutum inda ya yi karatu kafin a miƙa masa hannun yaro. Likita na gaske ba ya jin haushin wannan tambaya.

Akawun nan nawa har yanzu muna tare, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda na fi dogara da su. Duk ran da takarda ta zo da Dr. a kanta, sai ya ajiye alƙalami ya leƙo ofishina ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan daktan mene ne?" Yaron nan na ruga kuwa na sāke ganinsa bayan shekara huɗu, yana aji biyu a makarantar ƙauyen. Kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, sanƙarau ya bar masa wannan tabo, don haka na roƙi malaminsa ya riƙa zaunar da shi a layin gaba.

Allah ya ba mu ikon kiyaye abin da mu ke rubutawa, amin.